Daga Sama Har Ƙasa

Bari in fara da amsa laifina, tunda wasunku sun riga sun yanke min hukunci a ƙasan rubutun baya. Eh, ni da bakina na ce wa Mama na amince da Mai Kemis. Ba wanda ya ɗaure ni, ba wanda ya yi min tsawa. Shekarata ashirin da takwas, ina da aikin yi, ina da bakin magana. Abin da ban gaya muku ba shi ne dalili, kuma ba ɓoyewa na yi ba, ni kaina sai yau Asabar na san shi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya, ni ce wadda ake kira idan firinta ta ƙi ko intanet ya ɗauke. Shekara huɗu ke nan ina ce wa manyan mutane su kashe su kunna. Don in bar wannan kujerar nake karatun jarrabawar satifiket ta masu haɗa hanyoyin sadarwa, kuma ranar Alhamis mai zuwa zan zauna ta. A ɗakina, kan tsohon teburin guga da Mama ta sallama min, akwai rauta guda uku an ɗora ɗaya kan ɗaya. Ba irin 'yar ƙaramar nan ta gida mai ƙaho biyu ba. Waɗannan manya ne, masu faɗi kamar tire, fankarsu tana ƙugi yini guda, kebul shuɗi da rawaya sun zubo ta baya har ƙasa. Duk ranar da Gwaggo, yayar Baba, ta zo gidan, sai ta leƙo ta ce, "Uwar 'yan uku, yaran sun ci abinci?" Sai in ce sun ci, Gwaggo, wuta suke ci.

Aikin rauta shi ne nuna wa saƙo hanya. Idan suna da yawa, sai a koya musu su riƙa gaya wa juna hanyoyin da kowacce ta sani. Tsarin da nake koyo sunansa OSPF, amma kar sunan ya dame ku, abu ɗaya kawai za ku riƙe. Rauta biyu ba sa yarda da juna sai sun gaisa. Duk daƙiƙa goma kowacce tana aika wa ɗayar gaisuwa. Idan daƙiƙa arba'in ta wuce ba ta ji komai ba, sai ta goge sunan waccan daga jerin maƙwabtanta. Ba ta tambayar ko lafiya, ba ta bin sawu, gogewa kawai take yi.

A nan Maƙwabci ya samo sunansa. A ajin ƙarshen mako na haɗu da shi wata takwas da suka wuce. Shi ya ci jarrabawar tuntuni, yana aiki da masu haɗa wa bankuna da asibitoci injinansu, yana dai zuwa taya malaminmu duba ɗalibai. Dogo ne, rigarsa kullum da biro biyu a aljihu, magana kuma sai ka ja ta kamar guga daga rijiya. Biyu daga cikin rautocin nan nasa ne, aro ya ba ni. Da ya ga uku sun yi min kaɗan, sai ya haɗa ta samansu da wata rauta da ke gidansa, ta wata hanya da ake haƙawa a cikin intanet. Ranar da lambarsa ta fara fitowa a jerin maƙwabtana na aika masa, "Sannu maƙwabci." Sunan ya zauna, duk da tsakanin unguwarmu da tasu sai ka hau mota biyu.

Muna da wani wasa duk Asabar. Na ba shi kalmar sirrin rautata, ya ba ni ta tasa. Da safe zai shiga daga gidansa ya ɓata min abu ɗaya a cikin saiti, ni kuma in nemo in gyara, in gaya masa minti nawa na yi. Saitin rauta rubutu ne dogo, layi kusan ɗari biyu. Shi ɗabi'arsa ya karanta shi tun daga layin farko, ni kuwa sai in dira kai tsaye kan sashen da nake zargi. Shi ya sa yake kirana Malama Tsallake.

"Ki karanta daga sama har ƙasa," haka yake cewa kowane mako.

"Ai na samo."

"Kin samo wanda kike nema. Wanda ba ki nema fa?"

Wata takwas muna haka. Ya san lokacin da nake tashi daga aiki, ya san ba na shan shayi da madara, ranar da na yi zazzaɓi sau huɗu ya kira. Amma kalma ɗaya da za a kai gaban iyaye, bai taɓa furtawa ba. Ni kuma ina sonsa, na faɗa muku tun baya, ba zan sake jan zancen ba.

Mai Kemis kuwa Gwaggo ce ta kawo shi, a wajensa take sayen maganin hawan jini. Kuma ina roƙonku ku daina zaginsa a ƙasan rubutuna, bawan Allah bai yi komai ba. Yana zuwa duk Lahadi da yamma cikin riga mai guga, ya cire takalmi ya jera su a bakin ƙofa, ya zauna a gefen kujera kamar wanda ya zo neman aiki. Ƙarfe bakwai na safe saƙonsa yake shigowa: "Barka da safiya ranki ya daɗe. A daure a sha ruwa da yawa." Ya ce ba zai hana ni aiki ba. Ya taɓa tambayata ko rautocin nan suna kama tashoshin waje, na ce a'a, ya ce to Allah ya ba da sa'a. Na nemi aibinsa da gaske, ban samu ba.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin da ɗaya yana rarraba wasiƙu, har yanzu in ya karɓi takarda sai ya juya bayanta ya duba kwanan wata. Ba shi da yawan magana. Wata ranar Alhamis ya kira ni baranda, ya rage muryar rediyo.

"Uwata, ni ba zan zaɓa miki ba. Amma ba zan bar ɗan mutane yana sintiri a ƙofata babu amsa ba. Ki yi tunani zuwa ƙarshen wata."

Washegari na kira Maƙwabci lokacin hutun rana, ina tsaye a bayan ofis kusa da janareta.

"Akwai wani mai kemis da ke zuwa gidanmu," na ce.

"Wa ba shi da lafiya?"

"Ba magani yake kawowa ba."

Na duba wayar ko layin ya yanke.

"To," ya ce.

"Baba ya ba ni zuwa ƙarshen wata."

"To." Sai ya ƙara, "Gobe ki bar rautar a kunne, zan shiga."

Ku ji fa. Na ɗauko maganar aurena na ajiye a gabansa, shi kuma rauta. Na ce masa sai an jima, na koma na gyara wa akanta firinta, har ya tambaye ni ko da wani na yi faɗa.

Asabar ƙarfe goma saƙonsa ya shigo: "Na gama. Wannan karon don Allah ki karanta daga sama har ƙasa." Na ja tsaki. Ina zaune a kan darduma da rigar barci, laftop a cinya, kofin shayi ya huce a gefe. Na dira sashen hanyoyi kamar kullum, na ga ya canza lambar yanki daga sifiri zuwa ɗaya. Abin yara. Na mayar, lambarsa ta dawo jerin maƙwabta, na ɗauki waya na rubuta masa da duk haushin da ke cikina:

"Na gani. Minti biyu ya ɗauke ni."

Ku riƙe wannan saƙon, za mu dawo kansa.

Daga nan na buɗe littafi na shiga babi na gaba. Akwai wani umarni da ake ba rauta don ta daina gaisuwa ta wata ƙofa, wato inda kebul ko hanya ke shiga cikinta, saboda ba kowace ƙofa ce ke da maƙwabci a bayanta ba, kuma ba a son sirrin hanyoyi yana fita inda bai kamata ba. Tun a aji Maƙwabci ya sa masa suna kame baki. Yadda littafin ya koyar, da layi ɗaya za ka kame bakin duk ƙofofin, sannan ka bi ɗaya bayan ɗaya ka saki waɗanda kake so su yi magana. Na kame duka. Na saki ta farko, rauta ta biyu ta dawo. Na saki ta biyu, ta uku ta dawo. Daidai nan Mama ta ƙwala min kira daga kicin, wai Gwaggo ta iso kuma tukunya tana kamawa. Na adana saitin, na rufe laftop, na fita.

Lahadi da safe na duba jerin. Maƙwabta biyu, nawa na cikin ɗaki. Nasa babu.

Yanzu duk wanda ya yi sati biyu a ajinmu ya san abin da ake yi in maƙwabci ya ɓace. Ka duba kebul, ka duba ƙofa, ka duba saiti, ka fara zargin kanka kafin ka zargi na can. Na sani, na sha ci a gwaji. Amma ban duba komai ba, don a ganina na riga na san dalili. Na gaya wa mutum ana nemana da aure ranar Juma'a, ranar Lahadi ya zare kebul ɗinsa. Me ya rage a bincika?

Duk da haka na daure na aika masa, "Lafiya?"

Bayan awa ɗaya ya amsa: "Lafiya lau. Na gane. Allah ya ba da sa'a a jarrabawa. Rautocin ki riƙe har ki gama."

Na karanta sau uku. Na gane, wato ya gane an yi masa shigar sauri kuma ya ja gefe, ko gardama babu. Ban yi kuka ba, kar ku sa min abin da ban yi ba. Na dai ji kunya, irin ta wanda ya ɗaga wa mutum hannu a titi ashe na bayansa ake gaisarwa. Rautar sama, wadda ke fuskantar gidansa, na ƙaurace mata. Na ɗora mata littafi a kai na koma karatun wasu babuka da biyun ƙasa.

Sati na farko ina duba waya. Sati na biyu na daina. A cikin na biyun ne Mama ta same ni ina ninke kaya, ta zauna a bakin gado tana taya ni.

"Wannan yaron mai injinan, na ga kwana biyu ba na jin kuna waya."

"Ya gama koya min."

Ta dube ni, ta ninke zani ɗaya har sau biyu.

"To shi Mai Kemis fa?"

"Ki ce wa Baba na amince."

"Kin tabbata? Ba don bakin Gwaggonki ba?"

"Na tabbata, Mama."

Ta ce Allah ya sa alheri, amma ba ta yi murmushi ba sai da ta kai ƙofa. Gwaggo ce ta yi murnar mutum uku. Baba ya aika wa iyayen Mai Kemis cewa su zo ranar Lahadi, wato gobe, ƙarfe goma na safe, a zauna a yi magana.

Tun jiya gidanmu ya koma wani iri. An sauke labulen falo an wanke, an fito da kofunan gilashin da ke cikin kabad tun ina firamare, Gwaggo ta kwana a nan don kar a yi abu ba da ita ba. Tela ya kawo doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin azurfa a wuya, da mayafi mai shara-shara. Na gwada, ta zauna daidai, Gwaggo ta zagaya ni tana cewa ashe akwai mace a cikin wayoyin nan. Na cire na shimfiɗa ta a kan gado.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Jiya na yi jarrabawar gwaji na faɗi, da maki kaɗan. Da na bi tambayoyin da na rasa, shida daga ciki na san amsarsu sarai, layin ƙarshe na tambayar ne ban karanta ba. Saura kwana biyar. Sai na ce yau, ko don jarrabawa, zan zauna in karanta saitin kowace rauta tun daga layin farko, kamar yadda wani ya sha faɗa.

Bayan azahar na rufe ƙofa, na sauke littafin daga kan rautar sama, na share ƙura, na shiga. Na fara bi layi layi da yatsa a kan allo. Sunan rauta, agogo, kalmar sirri, ƙofa ta farko, ƙofa ta biyu. Sai ƙofar da ke zuwa gidansa.

Kowace ƙofa tana da wani layi da ake kira bayani. Ba ya aikin komai, rautar ma ba ta karanta shi, don mutane ake rubutawa, kamar a ce wannan ta tafi ofishin akanta. Ni na san abin da na rubuta a nan wata takwas da suka wuce: zuwa gidan makwabci. Ba shi na tarar ba. Ga abin da ke wurin, babu ƙugiya a kan haruffa don rauta ba ta san su ba:

"Tsallake, ina sonki tun watan farko, bakina ne ya kasa. In kin yarda in zo wajen Baba, ki bar kofar nan a bude. In a'a ne kar ki wahalar da kanki, ki kame mata baki kawai, zan gane, ba zan dame ki ba."

Na karanta shi daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko harafi ba. Sannan na gangara sashen hanyoyi. Ga layin da ya kame bakin duk ƙofofi. Ga wanda ya saki ta farko. Ga wanda ya saki ta biyu. Na uku babu shi, don ban taɓa rubuta shi ba, tukunya tana kamawa.

Na ɗauki waya na koma kan saƙon ranar. Na gani. Minti biyu ya ɗauke ni. Sai na zauna a inda yake zaune a ranar, na kalli abin da idonsa. Mutum ya yi wata takwas yana tara ƙarfin hali, ya rubuta, ya roƙe ni in karanta. Na ce masa na gani, minti biyu ya ishe ni. Bayan rabin awa gaisuwata ta ɗauke, ta hanyar da shi da kansa ya ce in bi in a'a ne. Ya jira daƙiƙa arba'in, rautarsa ta goge ni. Washegari kuma na aika masa, lafiya?

A falo ina jin Gwaggo tana faɗa a kan wanda ya ajiye tsintsiya a hanya. Ban ji haushinsa ba, ko da yake ya cancanta, wane irin mutum ne zai sa maganar aure a layin da ake rubuta ofishin akanta? Kaina na ji haushi. Ni da ake biya don in gano dalilin da ya sa abu ya daina magana.

Na rubuta layin da ya ɓace, na danna. Ban sa rai ba. Sati uku, ai ko ni ce da na zare kebul na ba wani ɗalibi rautar. Na dai sa ido a kan agogon bango ina ƙirga. Ban kai goma ba rubutu ya gudo a ƙasan allo, lambarsa, da kalmar da ke nufin maƙwabci ya dawo cikakke.

Ashe rautarsa a kunne take. Kwana ashirin da ɗaya tana aiko gaisuwa duk daƙiƙa goma, tawa tana toshe kunne. Na buga lissafin a waya don hannuna ya samu abin yi, ya haura gaisuwa dubu ɗari da tamanin.

Amma na ja kaina. Inji ne ya amsa, ba mutum ba. Wataƙila mantawa ya yi bai kashe ba. Na gwada kalmar sirrin rautarsa, bai canza ba, na shiga, na tafi ƙofar da ke fuskantata. Nasa layin bayanin da can zuwa gidan Tsallake ne. Yanzu an rubuta:

"Na bar ta a bude ko da kuskure ne. Na san ki."

A nan na yi kukan, tunda kuna son ku sani. Ba mai yawa ba, na goge da gefen ɗankwali don kar ya ɗiga a kan rigar tela.

Na kira lambarsa, a kashe. Na sake, a kashe. Na aika saƙo, ya tsaya bai shiga ba. Na san wani lokaci suna aikin ƙarshen mako a ɗakunan injina inda ake karɓe waya tun a ƙofa, sai su yini biyu a ciki. Na kuma san mutum yana iya kashe waya don kansa. Kuma kafin ku ce in hau mota in je gidansa, ban san gidan ba, unguwar kawai na sani. Na haddace lambar kowace ƙofa a rautarsa, ban san launin ƙofar gidansa ba.

Na wanke fuska, na yafa mayafi, na fita. Mama tana goge kofuna a tebur, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya ta ajiye tsumman.

"Me ya faru?"

"Wajen Baba zan je."

Ba ta hana ni ba, ta dai biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa. Baba yana baranda bayan la'asar, rediyo a cinya, tabarau a goshi. Na durƙusa a gefen kujerarsa.

"Baba, an aiko min wasiƙa ne. Yau na buɗe."

Ya kashe rediyon gaba ɗaya, abin da ba ya yi.

"Yaushe aka aiko?"

"Sati uku ke nan."

"Kafin ki ba uwarki amsa, ko bayan?"

"Kafin."

"Adireshin daidai ne?"

"Daidai ne."

"Ta iso a kan lokaci?"

"Ta iso a ranar."

"To laifin wa?"

"Nawa ne, Baba. Ban karanta har ƙasa ba."

"Wasiƙa kuma?" Gwaggo ce, ta fito da tsintsiya a hannu. "Wace irin wasiƙa ana gobe baƙi za su zo? Ni fa na san injinan nan ba za su bar mu lafiya ba. Da wane ido zan kalli yaron nan in na je karɓar magani?"

"Yaya, ki ba ni minti biyar," in ji Baba. Ta ja baya, amma ba ta tafi ba.

Ya sauko da tabarau ya dube ni ta cikinsu, ya daɗe.

"Mai wasiƙar, mai injinan ne?"

"Shi ne."

"Kina sonsa?"

Ban taɓa zaton zan amsa wa Baba irin wannan tambayar ba, Mama da Gwaggo suna tsaye. Na kalli silifas ɗinsa na ce eh.

"Ya san kin buɗe?"

"Wayarsa a kashe take."

Ya juya agogon hannunsa ya duba, kamar yadda yake duba bayan ambulan.

"A wurin aikinmu, wasiƙar da aka yi jinkirin buɗewa ba ma cewa an ƙi ta. Amma ki saurare ni, Uwata. Mutanen nan ni na ce su zo, kuma ɗansu bai yi miki laifin komai ba. Ba zan mayar da su daga hanya a kan takardar da ban ga mai ita ba. Goma za su zo. In mai wasiƙarki da gaske yake, ya zo tara, in gan shi da idona, ni zan san yadda zan ba mutane haƙuri. In tara ta wuce ban ga kowa ba, ke za ki fito falo ki ba su amsa da bakinki, ko wace iri ce. Ba zan ari bakinki ba."

Ya kunna rediyonsa. Gwaggo ta buɗe baki, Mama ta karɓi tsintsiyar daga hannunta ta ja ta ciki.

Ina shiga ɗaki wayata ta yi ƙara, na kusa faɗuwa garin ɗauka. Mai Kemis ne. "Barka da yamma ranki ya daɗe. Su Baffa sun shirya tsaf, sai goben in Allah ya kai mu." Na daɗe ina kallon saƙon. Kunya ta kama ni sosai, don shi kam duk abin da yake nufi a fili yake rubuta shi, inda kowa zai gani. Ban amsa ba tukuna. Ko Maƙwabci ya zo ko bai zo ba, akwai maganar da zan yi da bawan Allah nan, kuma ba za ta yi daɗi ba.

Na sake gwada lambar, a kashe. Na matsar da rigar ruwan toka gefe, na zauna a bakin gado, na jawo laftop. Har yanzu ina cikin rautarsa. Na goge layinsa, na rubuta nawa a wurin:

"Kuskure ne. Yau na karanta. Gobe karfe tara Baba yana jiranka, kar ka wuce tara."

Na adana, na sake adanawa. Na fita, na sake shiga, na karanta saitinsa tun daga layin farko don in tabbata yana nan, kuma ban taɓa masa komai ba.

Yanzu rana ta kusa faɗuwa. Ana jera kujeru a falo, ina jin ƙarar jansu. Rautocin suna ƙugi a kan teburin guga, ta sama tana gaisawa da tasa duk daƙiƙa goma kamar ba abin da ya faru. Ban san inda yake ba, ban san ko zai koma gida yau ba, ban san ko zai buɗe rautar ba in ya koma. Abu ɗaya na sani game da mutumin nan, kuma shi na riƙe: in ya buɗe, ba ya tsallake layi.